Yadda Ake Sake Cinikin Gida a Legas Idan Ƙiyasin Banki Ya Gaza Farashin da Aka Sallama

Ka ga gida, ka taya, an sallama. Ka kai takardu banki neman lamunin sayen gida, banki ya turo mai ƙiyasi, wato ƙwararren da ke tantance darajar gida, ya zagaya gidan da tef da kyamara. Bayan kwanaki sai ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka ya kira ya ce gidan da kuka yi ciniki a kan naira miliyan 60, su a wurinsu miliyan 50 ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a Legas, musamman tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo, masu gidaje suka koma yanka farashi da abin da suka ji maƙwabci ya sa wa nasa. Mai ƙiyasi kuwa abin da aka biya a kan makamantan gidan yake nema, banki kuma tunaninsa yana kan ranar da za ka kasa biya ya ɗaga gidan ya sayar.

Na daɗe ina shiga tsakanin masu saye da masu sayarwa daga Agege zuwa Ikorodu, kuma abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne wannan: cikin duk waɗanda suka faɗa maka darajar gidan nan, mai ƙiyasi ne kaɗai ya sa hannu ya buga hatimi a kan adadinsa, kuma shi za a tuhuma in ya yi ƙarya. Giɓin da ya fito yana da dalili. Wanda ya gano dalilin, shi ke samun ragi. Wanda ya tafi wurin mai gida da "banki ya ce" kawai, yawanci hannu rabbana yake dawowa.

Abin da za ka tanada

Kafin ka buɗe baki da kowa, tara waɗannan a jaka ɗaya: takardar tayin sayarwa da mai gida ya sa wa hannu, mai ɗauke da farashi da wa'adin biya, takardar amincewar farko daga banki, inda aka rubuta kashi nawa zai biya, yarjejeniyar ciniki in kun riga kun sa hannu, da rasit na duk sisin da ya fita daga hannunka. Sai kwafin takardun gidan, wato C of O (takardar shaidar mallakar fili da gwamna ke bayarwa) ko takardar miƙa mallaka mai amincewar gwamna, takardar safiyo, izinin gini, da rasit na harajin ƙasa da gini da jihar Legas ke karɓa duk shekara. Sai rahoton ƙiyasin kansa.

Kana kuma buƙatar mutum biyu. Lauya naka na kanka, wanda kai ke biyansa. Lauyan mai gida ko na kamfanin da ya gina rukunin gidajen ba naka ba ne, komai faran-faran ɗinsa. Na biyu magini ko injiniya da ka yarda da shi, wanda zai rubuta maka kuɗin gyara a takarda.

Na ƙarshe ya fi wahalar samu: farashin da aka sayar da gidaje uku ko huɗu makamantan naka a unguwar cikin watannin baya. Abin da ke allon talla ko a intanet farashin nema ne. Na gaskiya yana bakin dillalan unguwa, da lauyoyin da suka rubuta takardun, da shugabannin ƙungiyar masu gidaje ta layin. In ka rasa, biya wani mai ƙiyasi mai rajista ya ba ka ra'ayinsa, domin su suna ajiye irin waɗannan alƙaluma.

1. Tsayar da biya, ka nemi lokaci

Daga ranar da aka faɗa maka adadin, kada ko kwabo ya sake fita zuwa hannun mai gida ko dillali. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya firgita kada gidan ya kuɓuce, ya ƙara tura miliyan 2 wai don a riƙe masa. Duk abin da ka ƙara, ƙarfinka kake ragewa, domin mai gida ya san yanzu kai ne ba ka iya tafiya.

Kada kuma ka kira dillali da zafin labarin. Duba wa'adin da ke takardar tayi. In saura kwanaki kaɗan, lauyanka ya rubuta gajeriyar wasiƙa cewa banki na kan aiki, ana neman ƙarin mako biyu ko uku. Gaskiya ka faɗa, kuma ba ka bayyana adadi ba tukuna.

2. Karɓi rahoton ka karanta shi layi-layi

Kai ka biya kuɗin ƙiyasi, amma banki ne ya ba da aikin, don haka da sunansa aka rubuta rahoton, kuma wasu bankuna sukan ja ƙafa wajen ba da kwafi. Nema a rubuce. In sun ƙi, roƙi ma'aikacin ya bar ka ka karanta a gabansa ka kwafe abin da kake buƙata.

Za ka tarar da adadi biyu. Ɗaya ƙimar kasuwa ce, abin da gidan zai kawo in an ba shi lokaci a kasuwa ba tare da matsi ba. Ɗayan ƙimar gwanjo ce, abin da zai kawo in banki ya sayar da shi cikin gaggawa, kuma a al'adar masu ƙiyasi a Najeriya takan kama kusan biyu bisa uku na ƙimar kasuwa. Tambayi banki kai tsaye da wanne yake lissafi. Mutane da yawa sun shiga damuwa a banza saboda an karanta musu ƙimar gwanjo a waya sun ɗauka ita ce darajar gidan.

Daga nan duba hatimin. Mai ƙiyasin da doka ta sani shi ne wanda ke da rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasi da dokar 1975 ta kafa, kuma ɗan NIESV ne, wato ƙungiyar masu ƙiyasi ta ƙasa. Duba adireshi, faɗin fili, yawan ɗakuna, irin takardar mallaka da ya rubuta, ranar da ya je, da gidajen da ya kwatanta da naka. Kada ka tsallake sakin layin da yake bayyana yanayin gini da unguwa. A nan dalili yake ɓuya.

3. Lissafa giɓin gaskiya

A ce ciniki miliyan 60 ne, banki ya yarda zai biya kashi 80 cikin 100, kai ka tanadi miliyan 12. Banki yana ɗaukar wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashi da ƙiyasi. Tunda ƙiyasi ya zo 50, miliyan 40 zai bayar maimakon 48. Da naka 12, kana da 52. Giɓinka miliyan 8 ne, ko da yake ƙiyasi ya gaza da miliyan 10. Wannan bambanci yana da amfani, domin mai gida da ya ƙi sauka zuwa 50 yana iya yarda da 52, kuma a 52 ba ka ƙara komai ba. In kuwa bankinka ba ya wuce ƙimar gwanjo, lamunin zai tsaya wajen miliyan 33, giɓi ya koma kusan 15, kuma wannan ciniki ne na daban.

Rubuta adadi uku a takarda: inda za ka fara tayi, inda kake so a tsaya, da iyakar da ba za ka wuce ba ko da me aka ce. A misalinmu 50, da 52, da wataƙila 55 in kana da inda za ka samo miliyan 3 ba tare da bashi mai zafi ba.

Kada ka taɓa kuɗin hidima wajen cike giɓi. La'adar dillali, wadda a cinikin gida a Legas aka saba yanka kashi 5 cikin 100, da kuɗin lauya, da inshora, da kuɗin amincewar gwamna da rajista, duk suna nan suna jiranka. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna kafin a miƙa mallaka ko a jinginar da gida, kuma banki ba ya wasa da ita. A 2015 gwamnatin Legas ta rage jimillar kuɗaɗen da take karɓa na amincewar gwamna da rajista zuwa kashi 3 cikin 100, amma ana lissafa su ne a kan ƙimar da gwamnati ta yanka wa unguwar, saboda haka ragin da ka samu a ciniki ba lallai ya rage su ba.

4. Gano abin da ya jawo ƙimar ƙasa

A nan za ka fi daɗewa, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi.

Wani lokaci kuskure ne. Mai ƙiyasi ya rubuta ɗaki uku alhali huɗu ne, ko bai ƙirga ginin baya ba, ko ya kwatanta gidan da ke cikin rukuni mai ƙofa da mai gadi da gidajen bakin titi. Wannan yana gyaruwa, duba mataki na 5.

Sau da yawa kuwa takarda ce. Mai gida yana ta cewa "akwai C of O", sai a duba a ga sunan wanda ya sayar masa ne a kai, shi kuma bai taɓa neman amincewar gwamna ba tun da ya saya. Kenan sai an fara kammala nasa kafin a zo kan naka, kuɗi ninki biyu, lokaci ninki biyu. Ko gidan yana kan filin dangi da aka ce gwamnati ta saki, amma ba a ga gazet ɗin ba, wato takardar sanarwar gwamnati da ke tabbatar da sakin. Ko babu izinin gini daga LASPPPA, hukumar da ke ba da izinin gini a jihar, ko izinin na bene ɗaya ne aka ɗora biyu. Lauyanka ya yi bincike a ofishin filaye da ke Alausa, ya kuma kai safiyon ofishin Babban Safiyo na jiha a duba ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta riƙe. Matsalar takarda iri biyu ce: wadda kuɗi da lokaci ke gyarawa, a kanta ake ciniki, da wadda ba ta gyaruwa. Gidan da ya shiga hurumin magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan hanyar da gwamnati ta shata, ba ya buƙatar ragi, buƙatarsa ka bar shi. Wanda ya ga rusau da aka yi a bakin teku a 2024 don titin Legas zuwa Kalaba ya san abin da nake nufi.

Duba faɗin fili da kyau. Fuloti a al'adar Legas ƙafa 60 ne a 120, ya fi 50 a 100 da muka saba a Arewa. Amma kalmar "cikakken fuloti" ta zama abin baki kawai. Mai gida zai faɗe ta, safiyo ya nuna murabba'in mita 430 kacal, wanda bai kai cikakken fuloti ba. Mai ƙiyasi da safiyo yake aiki, kai ma da shi za ka yi magana.

Sai lafiyar ginin da ta unguwar. Koma gidan da magininka, da rana, ba tare da dillali yana jan hankalinka da zance ba. Dubi gindin katanga ta waje. In ka ga layi mai duhu ya zagaye ta daidai gwiwa, ko sabon fenti da ya tsaya a wannan tsayi sama kuma tsoho ne, ruwa yana kwana a gidan da damina. A wuraren Ajah da Sangotedo da wasu sassan Ikorodu, gidan da ka gani a watan Janairu ba shi za ka tarar a Yuli ba. Tambayi mai shagon layin, shi ba shi da la'ada a cinikin. Magini ya hau rufi, ya duba tsagar bango, ramin masai, wayoyin wuta, ya rubuta kowane abu da kuɗinsa.

Akwai kuma wanda ke kama baƙi. Mowe, Ibafo, Arepo, Magboro da Akute ana tallata su da sunan Legas, amma ƙasar Ogun ce, takardunsu daga Abeokuta suke fitowa, kuma mai ƙiyasi da farashin can zai auna.

In ka duba duk wannan ba ka ga komai ba, to farashin ne kawai aka cika. Sau da yawa ma ba mai gida ne ya cika shi ba. Ya ce 52, dillalin farko ya ɗora 3, na biyu ya ɗora nasa, kafin ya iso kunnenka ya zama 60.

5. In kuskure ne, ƙalubalanci ƙiyasin ta hannun banki

Rubuta wa banki wasiƙa mai shafi ɗaya: ga abin da rahoto ya ce, ga abin da yake daidai, ga hujja. Haɗa safiyo, hotuna, da gidajen da aka sayar tare da adireshi da watan sayarwa. Roƙi a sake dubawa, ko a ba wani daga cikin masu ƙiyasin da bankin ke aiki da su, kai ka biya. Rahoton wanda ka ɗauko da kanka banki ba zai ba da kuɗi a kansa ba, amma yana taimakawa a matsayin hujja.

Kada ka sa rai da yawa. Ana gyara kuskuren awo da na ƙirga, amma "ni ina ganin ya fi haka" ba ya motsa kowa. Kuma ka guji wanda zai ce ya san mai ƙiyasin, a ba shi wani abu ya ɗaga adadi. Haramun ne, laifi ne a doka, kuma in ya yiwu ma, bashin da ya fi ƙarfin gidan ka ɗora wa kanka na shekara 15 ko 20.

6. Ka san matsayin kafin alƙalaminka

Zauna da lauya ku karanta yarjejeniya da rasit. Abin nema shi ne sharaɗin da ya ce ciniki ya dogara da samun lamunin banki, kuma in bai samu ba za a mayar da kuɗinka cikin kwana kaza. In yana nan, da ƙarfinka za ka shiga. In babu, lafazin rasit ya zama komai, domin doka ta bambanta kuɗin da aka ajiye don tabbatar da ciniki, wanda mai gida zai iya riƙewa in kai ka janye, da kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashi, wanda yawanci ana iya nema a dawo da shi. Malaman Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami ba in ciniki ya warware, kuma wannan magana tana tasiri in mai gidan Musulmi ne mai jin nasiha. Kotu dai takarda za ta duba.

In kuɗinka na cikin haɗari, sa shi a lissafi. Wanda zai rasa miliyan 3 in ya tafi, kuma giɓin da ya rage miliyan 2 ne, ba hikima ba ce ya tafi, muddin takardun gidan lafiya suke.

7. Jawo dillali gefenka, ka isa ga mai gida

Dillali zai ce maka mai gida ba ya son ganin kowa. Kada ka yi faɗa da shi, kuma kada ka zagaye shi, haƙƙinsa ne kuma zai ɓata maka ciniki. Yi masa lissafi. In farashi ya sauka daga 60 zuwa 52, la'adarsa ta ragu da naira dubu 400. In ciniki ya mutu, ya rasa miliyan 2 da dubu 600 da ke gabansa. Rubuta masa alkawarin la'adarsa a takarda, da sharaɗin ya zaunar da kai da mai gida ido da ido. Mafi yawa a nan suke saukowa. In ka lura dillalai jere ne, a wannan zama farashin mai gida na asali zai fito da kansa.

Tabbatar wanda za ka zauna da shi yana da ikon ragi. In gidan gado ne na Yarabawa, sai shugaban dangi, wanda suke kira olori ebi, tare da manyan gidan sun amince ciniki yake tsayawa. Ragin da ɗa ɗaya ya yi maka a mota ba ragi ba ne.

In kamfani ne mai gina rukuni, da wuya ya taɓa farashin da ke takarda, saboda sauran gidajen da bai sayar ba. Amma yana iya yafe kuɗin raya rukuni, kuɗin takardu, kuɗin haɗa wuta, ko ya sayar maka ba tare da ƙarasa aikin ciki ba ka ƙarasa a hankali. A aljihunka duk ɗaya ne.

8. Zaman ciniki

Je da kanka, da lauya ko dattijo ɗaya, ba da tawaga ba. In mai gidan ɗan'uwa ne daga Arewa, dattijon da yake jin nauyinsa a masallaci ko a kasuwa ya fi wasiƙa goma. In dattijon Bayarabe ne, rusuna ka gaishe shi yadda suke so, ka bari ya gama tambayar iyali. Sannan ka yi magana kamar haka:

"Baba, gidan nan ina sonsa, shi ya sa na dawo da ƙafata ban aiko ba. Banki ya turo mutuminsa, ga abin da ya rubuta. Ya ce amincewar gwamna ba ta cika ba, rufin baya kuma sai an sauya, ga kuɗin da magini ya lissafa. In ka sallama a 50, ni a shirye nake, banki ma a shirye yake."

Ajiye masa shafin ƙimar kasuwa da takardar magini, ka yi shiru ya karanta. Kada ka nuna masa ƙimar gwanjo a matsayin farashi, zagi zai ɗauke ta. Kada ka kushe gidan da ya gina da guminsa, ka bar takarda ta faɗi aibin. Kada ka faɗi iyakarka, kada kuma ka yi alkawarin ranar biya da banki bai tabbatar maka ba.

Kusan kullum amsar ɗaya ce: akwai wani daga Landan da zai biya kuɗi hannu. Wani lokaci gaskiya ne. Ka ce, "To Baba, in ya zo Allah ya sanya albarka, ban tare maka rabo ba. Amma duk wanda zai biyo ta banki, kusan wannan adadin zai tarar." Kafin zaman, ka riga ka duba ƙyallen tallar da ke jikin ƙofa. In rana ta cinye rubutun har lambar waya ta dushe, mutumin Landan ya daɗe bai iso ba.

In ya ƙi 50, hau a hankali, kuma kowane hawa ka karɓi wani abu a madadinsa. Ana iya raba giɓin biyu. Ana iya barin farashi kusa da nasa, shi ya ɗauki nauyin kammala takardarsa da bashin harajin shekarun baya. Ana iya cire janareta, na'urar sola, na'urorin sanyaya ɗaki da kujeru daga cinikin, tunda mai ƙiyasi ƙasa da gini ya fi dubawa. Ya tafi da kayansa, farashi ya sauka. Ana iya yarda ka biya cikon a cikin wata shida ko shekara, amma da sanin banki, a rubuce, kuma takardun asali su tafi banki ranar biya. Mai gidan da ya ce zai riƙe C of O sai ka gama, wannan tsari ba zai yi aiki da lamuni ba.

Wata shawara za ta zo, sau da yawa daga bakin mai son taimaka maka: a rubuta wa banki farashi ɗaya, ku kuma ku san na tsakaninku. Ƙi ta nan take. Zamba ce, kuma ranar da rigima ta tashi, takardar ƙaryar da ka sa wa hannu ce za ta tsaya a kotu.

Ba dole a gama a zama ɗaya ba. Bar masa tayinka a rubuce da wa'adin mako guda. Yawancin ragin da na gani, bayan mai gida ya kwana da maganar ya yi shawara da 'ya'yansa yake zuwa.

9. In ragin bai rufe giɓin ba

Ma'aikaci mai asusun fansho yana da hanya. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun don biyan kason mai saye a lamunin gidan zama, ga wanda aka zuba masa na aƙalla wata 60, kuma miji da mata suna iya haɗa nasu. Kuɗin kai tsaye yake tafiya banki, kuma yana ɗaukar lokaci, don haka fara da wuri.

Ana iya sauya mai ba da lamuni. Wanda ke biyan kashi 90 zai ba da miliyan 45 a kan ƙiyasin 50, giɓin 8 ya koma 3 ko da mai gida bai rage komai ba. Mai zuba kashi 2.5 na albashi a asusun gidaje na ƙasa yana iya neman lamunin FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ta bankunan lamunin gidaje, a kan ruwan kashi 6 har zuwa shekara 30, sai dai yana da jinkiri, kuma sai mai gida ya yarda ya jira. Sabon banki zai yi nasa ƙiyasin, ka sake biya, kuma adadin yana iya fitowa kusa da na farko. Masu guje wa riba da ke hulɗa da bankunan Jaiz, TAJ ko Lotus, su ma ba su tsira daga ƙiyasi ba, tunda a tsarinsu sau da yawa bankin ne ke sayen gidan ya sayar maka ko ya ba ka haya har ka mallaka. Matakan nan duk suna aiki a can.

Sauran hanyoyin ka san su: ƙungiyar tsimi ta wurin aiki, kwasar adashi, taimakon 'yan'uwa, ko sayar da filin da ke zaune a gida. Abin da nake hana mutane da babbar murya shi ne manhajojin bashi na waya da masu ba da kuɗi da ruwa na wata-wata. Banki yana duba tarihin bashinka kafin ya saki kuɗi, kuma yawanci ba ya son biyan wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Sabon bashi yana iya rusa lamunin da kake ƙoƙarin ceto.

10. Rubuta sabon cinikin

Sallamar baki ba ta zuwa banki. Karɓi sabuwar takardar tayi da sabon farashi. Lauya ya rubuta ƙari a yarjejeniya mai ɗauke da farashi, abin da aka riga aka biya, wanda zai yi kowane gyara da ranar gamawa, da sharaɗin mayar da kuɗi in lamuni bai fito ba. Duk wanda ya sa hannu a ta farko ya sa a wannan. Kai wa banki ya sabunta takardarsa, ka tambaya har yaushe rahoton ƙiyasin zai ci gaba da aiki, domin in ya tsufa za a sake. In mai gida ya ɗauki alkawarin gyara ko takarda, a riƙe wani kaso a hannun lauya sai ya cika. Kowane biya ya bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takardar mallaka, kuma lauya ya sake leƙa Alausa dab da ranar biya, kada a ce an jinginar da gidan a tsakani.

11. In ya zama dole ka janye

Idan mai gida ya tsaya sama da iyakarka, ko binciken ya tono abin da ba ya gyaruwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lauya ya rubuta janyewar, ya ambaci sharaɗin da ka dogara da shi, ya haɗa wasiƙar banki, ya nemi kuɗinka da rana takamaimai. In mai gida ya ce ya kashe kuɗin sai ya sayar, karɓi jadawalin biya a rubuce da shaidu. In dillali ne ya riƙe, ana kai ƙorafi LASRERA, hukumar da ke kula da harkar dillancin gidaje a jihar. Rabu da mai gida da sallama mai kyau, ka bar lambarka, domin yakan kira bayan wata biyu ko uku.

Karɓi kwafin takardunka daga banki, ka tambaya ko amincewar farko za ta iya komawa kan wani gida. A gida na gaba, nemi a yi ƙiyasi kafin ka ba da kafin alƙalami. In mai gida ya ƙi jira, ba da kaɗan, a ajiye a hannun lauya, kuma sharaɗin mayarwa ya shiga takarda kafin kuɗin ya bar asusunka.